Tumatir Ukun Farko

Mijina ya dasa tumatir ɗin ran wata Asabar a farkon damina, ya rasu bayan kwana goma sha biyu. Zazzaɓi ne na kwana huɗu. Ba ni da wani dogon labari a kan wannan. An tambaye ni har na gaji, kuma abin da na sani ke nan.

A bayan ɗakinmu ya yi shukar, nan gidanmu na Kankia, jikin katanga, daidai inda nake shanya. Sai da muka yi cacar baki a kan wurin. Na ce masa mutum yana aikinsa na ofis, ga tumatir can bakin titi kwando-kwando, don me za a kwance mini igiyar shanya? Ya ce na bakin titi ruwa ne kawai aka ɗaure a jar leda. Nasa irin gidansu ne na Bauranya, ƙanana masu ɓari-ɓari, masu tsami, wai guda biyu sun ishi tukunyar miya. Ni haifaffiyar gari ce, malamar firamare, ko albasa ban taɓa shukawa ba. Na ce to, manomi, Allah ya ba da sa'a, ni dai a nemo mini inda zan shanya zannuwana. Ya yi dariya, ya ci gaba da haƙa. Kwami biyu ya yi, ya zurfafa tsakiyarsu ya tayar da gefe yadda za su riƙe ruwa. Daga ranar ya mayar da alwalarsa can, yana tsugunawa a bakin kwamin don kada ruwan ya tafi a banza.

Irin daga hannun mahaifiyarsa ya fito, wadda muke kira Inna. Ita ma a wurin tata uwar ta gada. Kowace shekara takan matse nunannen tumatir a jikin tsumma, ta barbaɗa toka, ta shanya a inuwa, ta naɗe ta soke a rufin ɗaki. A wannan shekarar ta raba tsumman biyu, ta ba shi rabi. Nata rabin ya tsiro lafiya, awakin maƙwabta suka shiga suka cinye shi ƙurmus. Saboda haka duk abin da ya rage na irin nan a duniya, yana bayan ɗakina, ni da ban so shi ba.

Na shiga takaba, wata huɗu da kwana goma ba fita. Ƙanwata ta dawo gidan tana taya ni zama. Ba zan ce na sha kuka ba, don ban sha ba. Mata suna shigowa suna kallon fuskata suna cewa kai, baiwar Allahn nan akwai tawakkali. Wane tawakkali? Ba na jin komai ne kawai. In aka ce zauna, in zauna. In aka ajiye tuwo, in ci, kamar ina tauna auduga. Ƙanwata ta taɓa mantawa ba ta sa gishiri a miya ba, sai da ta kai loma ta tofar, ni kuwa na riga na share kwanona. Ta dube ni, ta ɗauke kwanon.

Tumatir kuma yana ta girma abinsa. Ban ba shi ruwa ba ko sau ɗaya. Sama tana ba shi, masu zuwa gaisuwa ma da suka ga buta a wurin sai suka ɗauka nan ake alwala.

Ranar addu'ar arba'in Inna ta zo daga Bauranya. Shi ne ɗanta na fari, don haka tunda nake ban taɓa jin ta kama sunansa ba, wancan take ce masa. Ranar da aka kai shi ma ba wanda ya ga hawayenta. Da mutane suka ragu ta tashi ta zagaya bayan ɗaki, na bi ta don kada a ce na bar ta ita kaɗai. Ta daɗe tana duba shukar. A lokacin ya fara 'ya'ya, kore shar, wasu kamar goro, wasu ba su kai ba. Ta sa ƙafa ta taɓa gefen kwamin, ta ce wancan ya zauna ofis har ya manta, kwami ai na rani ne, da damina a tudu ake dasawa. Ta ce ranar da aka yi ruwa mai yawa, nan zai kwanta ya kashe su.

Sai ta yagi bakin tsohon ɗankwalin da ta ɗaure ƙugunta da shi, ta fitar da zare uku, ta ɗaura a wuyan manyan guda uku na ƙasa.

"Waɗanga na iri ne, ɗiyata," in ji ta. "Kada a taɓa su sai sun yi luguf. In sun nuna a kira ni, ni zan zo da kaina."

Ta ƙara da cewa tumatirin damina ba shi da amana, na farko ne ake samu lafiyayye, na baya kuwa sai abin da Allah ya yi. Na ce to, Inna. Na ji ta sarai, babu abin da ban gane ba. Ina faɗin wannan ne don kada wani ya nema mini uzuri.

Bayan kamar mako uku, wata safiya na zagaya neman tsintsiya, sai na ga ja a cikin ganye. Duka ukun sun nuna, kowanne da zarensa a wuya. Na tsaya ina kallonsu. Abin da ya zo mini shi ne maganar mijina, cewa tsaminsu har cikin kunne ake jinsa. Na ce a raina, to bari in gani, hala wannan zan ji. Ban yi wani dogon tunani ba. Na tsinke ɗaya, na goge a zanina, na gatsa. Ruwan ya gangaro mini har gwiwar hannu. Na tauna, na haɗiye, ban ji komai ba.

Na ce ƙila gishiri yake so. Na shiga madafa na lakato a tafin hannu, na dawo na tsinke na biyu. Shi ma haka. Na ukun da yajin ƙuli na ci shi, a tsaye, kaji suna tsattsagar abin da ya zuba a ƙasa. Ƙanwata ta fito ta tarar da ni da zare uku a hannu. Ta ce Yaya, ba na Inna ba ne? Na daka mata tsawa, na ce ido gare ta, ba ta ga wasu sun fi ashirin a jiki ba? Tumatir ai tumatir ne, in waɗancan suka nuna sai a ɗaura musu zaren. Har na ajiye zaren a kan taga don haka.

Kwana biyu tsakani aka kece da ruwa. Kwana uku ana yi, a ɗauke da hantsi a dawo da la'asar. Indararon ɗakinmu a can yake zuba, rariyar katanga kuma ta toshe. Kwamin ya yi abin da aka haƙa shi ya yi, ya riƙe ruwa taf. Na fita sau ɗaya da ƙwarya ina kwashewa, ina zubarwa yana komowa, sai na ajiye na koma ɗaki. Da rana ta fito ganyen ya langaɓe, ya yi rawaya, sannan baƙi. 'Ya'yan suka ruɓe tun suna kore, suna faɗowa ɗaya bayan ɗaya. Na bi su da hannu ina matsawa ko zan samu mai ƙwari, duk wanda na taɓa sai ya fashe da wari. Ko ɗaya bai kai ga ja ba.

A makon ne ƙanin mijina ya kira, ya ce ga Inna. Ta tambayi takaba, ta tambayi ruwa, sannan ta ce sun nuna? Na ce sun nuna. Na buɗe baki in faɗi sauran, sai na ji ta ce to alhamdu lillahi, jibi tana tafe. Na bar ta ta kashe wayar.

Ta zo da hantsi. Babur ya kawo ta Kusada, daga can ta shigo mota, ƙafafunta duk laka. Ta kawo mini kuɓewa ɗanya da ɗan man shanu a kwalba. Bayan mun gaisa ta sha ruwa, ta kwance bakin zaninta ta fito da wani farin tsumma, wankakke, an ninke shi huɗu, da toka a ƙullin leda. Ta ɗora su a cinya.

Ban iya kai ta bayan ɗakin ba. A zaune na faɗa mata, ina kallon tabarma. Na ce ruwa ya kashe shukar. Na ce ukun da ta ɗaura wa zare sun nuna kafin ruwan, ni na cinye su, ni kaɗai, ina sane. Na ɗauko zaren daga taga na ajiye a gabanta, ban san don me ba.

Na so ta yi faɗa. Wallahi na so ta zage ni, ta ce 'yar gari ce ni, ban san darajar komai ba, ko zan ji wani abu ya motsa a ƙirjina. Ta riƙa shafa tsumman da babban yatsa. Can ta ɗago.

"Da tsami?"

"Inna, ban ji ba."

Ta gyaɗa kai a hankali, kamar wadda aka gaya wa abin da ta riga ta sani. Ta ƙara ninke tsumman, ta haɗa da tokar da zaren ukun, ta mayar bakin zani ta ƙulle. Ta ce azahar ta yi, a ba ta buta.

Na cika mata, na nuna mata bakin rariya inda muke yi yanzu. Ta wuce ta gabansa ba ta tsaya ba, ta zagaya bayan ɗaki. Ina daga ƙofa ina hangenta. Ta tsuguna a bakin kwamin, inda ƙasa ta ɗan lotsa saboda tsugunon ɗanta, ta yi alwalarta a kan busassun karan, ta daɗe tana wanke fuska.