Inabin Hajiya a Cikin Kwalba

Ana idar da sallar asuba muka fito daga unguwarmu ta Soron Ɗinki a Kano, ni da 'yar gwaggona, ina rungume da kular abinci kamar mai kai karin kumallo asibiti. Ba abinci ba ne a ciki. Rassan inabi ne guda goma, kowanne bai fi tsawon yatsa ba, na naɗe su a jiƙaƙƙen tsumma, na shimfiɗa ƙanƙara a ƙasa.

Masu bibiyar shafina sun sha ganin inabin gidanmu a hoto. Marigayi kakanmu ne ya zo da shi daga Sudan a hanyarsa ta dawowa daga aikin hajji, ya dasa wa amaryarsa, wato kakarmu Hajiya, a jikin katangar tsakar gida. Tun ina 'yar sakandire nake zama a ƙarƙashinsa da littattafan soyayya, ina hango saurayi ya keto sahara da reshe a ƙirjinsa. Duk ranar da na faɗa wa Hajiya haka sai ta ce, "Ke dai da shirme. Kuɗin atamfa ne ya ƙare masa, shi ne ya kawo mini icce." Amma shekara da shekaru ba ta taɓa barin wani ya ba shi ruwa ba sai ita.

Daminar bana katangar ta zube. Magina suka ce sai an tumɓuke inabin kafin a haƙa harsashi, kuma ranar Laraba za su fara. Sau uku muna yankar reshe muna kafawa a ƙasa yana ruɓewa, domin tsufa da ciwo sun cinye uwar. 'Yar gwaggona, wadda ta karanci aikin gona, ita ta ce akwai malamarta a wani ɗakin gwaji a bayan Zariya da ke raya tsiro daga ɗan guntun reshe a cikin kwalba. Da za mu fito, a soro Hajiya ta riƙe mayafina ta ce, "Duk abin da za ki dasa, ki yi bisimilla ki tofa."

Adaidaita ta fitar da mu ta Ƙofar Nassarawa zuwa tasha. Kuɗin mota ya ƙaru a kan yadda na san shi, har kwandasta ya so ya caji kular tawa, wai kaya ce. Na ce a cinyata za ta zauna. Daga Kura zuwa Kadawa shinkafa ce kore shar iyakar ganinka, ruwa kwance a ƙarƙashinta yana ɗaukar ido. Na ce wa abokiyar tafiyata wannan wuri ya dace da a ce masoya sun ɓata a cikinsa. Ta ce, "Sauro zai nemo su, uwar soyayya." A Kwanar Dangora muka sayi gasasshiyar masara, mai sayarwa ta rantse da safen nan aka karyo ta, haƙorina kuma ya ce shekaranjiya. A Tashar Yari wani dattijo ya sayi rake ya raba wa duk motar, muka shiga Zariya kowa na tsotso.

Malamar da muka je wurinta doguwa ce, mai farin gilashi, ba ta ɓata magana. Ta buɗe kular, ta jujjuya rassan, ta ce sun iso da ransu. Sannan ta miƙo mini farar riga da hula da takunkumi. "Kafin baƙo ya sauka, girki ake yi," in ji ta. "Yau girki za mu yi."

Ashe tsiron da ba shi da saiwa ba ya iya neman abinci, sai an haɗa masa komai an ajiye a gindinsa. Muka zuba tataccen ruwa a tulun gilashi. Ta auno gishirin sinadarai iri-iri, wasu da yawa, wasu ɗan mitsitsi kamar kwalli a bakin tsinke, a kan wani sikeli mai ƙofar gilashi da ko numfashi ka yi sai lambarsa ta motsa. Aka sa bitamin, aka ɗiga maganin da ke sa reshe ya yi toho. Sai sukari, giram talatin a lita guda. Na ga kamar an yi rowa, na ce ko a ƙara cokali ɗaya, ai baƙo ne daga Kano. Ta dube ni ta saman gilashi ta ce, "Baiwar Allah, ba shayi ba ne." Ta tsoma wani ƙarfe mai auna tsami, tana ɗiga wannan tana ɗiga wancan har lamba ta tsaya inda take so. A ƙarshe aka zuba wani farin gari da ake samu daga ciyawar teku, aka dama a kan wuta, muka rarraba a ƙananan kwalabe, muka rufe, aka jera su a wata ƙatuwar tukunyar tururi mai kashe duk wata ƙwayar cuta. Da suka huce sai abin ya daskare, garai-garai, yana rawa kamar romon ƙafar sa da ya kwana.

A Samaru muka sauka, gidan wata ƙawar 'yar gwaggona, inda aka tarbe mu da fate mai zafi. Mutanen Zazzau ba su gajiya da tsokanar Bakano, ni kuma ban bar musu ko ɗaya ba.

Washegari aka yi wa rassan wanka: sabulu, sifirit, ruwan bilic, sannan ɗauraya uku. Muka zauna gaban wani teburi mai rumfar gilashi da ke huro tatacciyar iska. Malama ta ce a nan ba a hira, ba a tari, hannu ba ya wucewa ta saman buɗaɗɗiyar kwalba. Ta gasa hantsaki a wuta, ta yanko gaɓa mai ido ɗaya, wato wurin da toho ke fitowa, ta kafa a cikin abincin, ta rufe. Ta yi uku ina kallo. Sai aka kira ta a waje, ta ce in ƙarasa sauran bakwai.

Ban yi hira ba. Amma duk kwalbar da na dasa, kafin in rufe sai in ja takunkumi ƙasa, in yi bisimilla, in tofa a hankali kamar yadda aka saba yi wa jariri. Raina fes na fito.

Ranar Laraba aka kira ni daga gida aka ce an sare inabin. Hajiya ta shige ɗaki ta ja labule har magina suka gama. Daga ranar, duk abin da ya rage na kyautar kakanmu yana cikin kwalabe goma a kan wata kanta, a ɗaki mai sanyi da fitilu.

Ranar Juma'a muka shiga dubawa. Kwalabena bakwai duk sun yi fumfuna, wata fara kamar auduga, wata koriya, wata abincin ya koma kamar kindirmo. Na Malama uku garau.

"Kin yi magana a kansu?" ta tambaye ni.

"Wallahi ban yi ba."

"Kin taɓa bakin kwalba?"

"A'a. Tofi kawai na yi musu."

'Yar gwaggona ta juya baya kafaɗunta na girgiza. Malama ta cire gilashi ta goge, ta daɗe tana gogewa. Ta ce abincin da ke ciyar da tsiro shi ne ke ciyar da ƙwayoyin da ke bakin ɗan Adam, kuma sun fi shi sauri. "Ni ma ina yi musu addu'a," in ji ta, "amma sai na rufe. Gilashi ba ya tare ta."

Na yi kuka a bayan ɗakin, ba irin na littafi ba mai hawaye ɗaya a kumatu, na gaske mai majina. Cikin ukun da suka rage, ɗaya ta yi baƙi ta mutu ranar Lahadi. Kullum da safe sai in je in tsaya gaban biyun, takunkumi ɗaure tamau, hannuwa a baya. A kwana na tara, idon ɗaya ya tsage, wani ɗan kore kamar ƙwayar gero ya leƙo. Kafin azahar na ga ta biyun ma ta kumbura. Malama ta ce yanzu za a iya raba su su zama da yawa, a sauya musu abincin da ke fitar da saiwa, sannan a saba musu da iskar waje. Wata shida, in Allah ya yarda.

Da hoto kawai muka kamo hanyar Kano. Da la'asar muka shiga lungunmu, na tarar da sabuwar katangar bulo, tsakar gida ya yi fayau kamar an aske shi. Hajiya na kan tabarma. Na nuna mata hoton, ta kai shi kusa da ido, ta nisanta, ta ce ita ba ta ga komai ba sai kwalba. Na faɗa mata gaskiyar abin da ya cinye bakwai. Ta ce, "Na ce ki tofa, ban ce ki yi musu wanka ba."

Wannan tafiya ta koya mini cewa so ma yana da ma'auni, kuma wani lokaci kulawa ita ce ka rufe bakinka ka matsa baya. Ina cikin wannan tunani Hajiya ta dafa kafaɗata ta miƙe, ta ja ni gefen rijiya. An dafe tsakar gidan duka da siminti, sai wuri ɗaya mai faɗin faifai, taku uku daga katanga. Ta sa magina sun bar shi, har ta zuba taki.

"Wata nawa aka ce?"

"Shida, Hajiya."

Ta ɗauki buta ta jiƙa wurin.