Kwamfutar Da Ta Ci Sunan Mahaifina

A ƙarshen shekarun casa'in ina da shagon buga takardu a Tudun Wada: kwamfuta uku haɗe da waya, da firinta guda. Tafiyata ma sai da ta canza. Har "injiniya" ake ce mini, ni kuwa ban taɓa musawa ba, alhali ko fis ban iya canzawa.

Kowace kwamfuta da sunan da 'yan'uwanta ke nemanta da shi. Babbar, wadda firinta ke jikinta, na sa mata sunan ɗana na fari, wanda ya ci sunan marigayi mahaifina. Sunan da bakina bai taɓa furtawa ba ke nan, amma yatsa ba ya jin kunya.

Da na ɗauko wani gwani daga Kano ya sa wa babbar sabuwar manhaja, sai ya tambaye ni, a gaban kawuna, "Yaya sunanta?"

Na sunkuyar da kai na ce, "Mai sunan Malam."

Haka ya rubuta, ya hau mota ya koma.

Washegari firinta ta yi gum. Ga wani Arɗo ya taso tun daga Doguwa karɓar katin ɗaurin auren ɗansa, Juma'a ta matso, katin kuwa yana cikin ƙaramar kwamfuta. Na zagi waya, na zagi janareto, na haɗa da mutanen Kano gaba ɗaya. Wani ɗan saƙo yana ta fitowa a allon ƙaramar, ina kashe shi ko kallo babu, don injiniya ba ya tsayawa karatu.

Arɗo ya ce, "Malam, in ba ta da lafiya ne, mu dawo."

Kunya ce ta sa na karanta. Sunan mahaifina ne ɓaro-ɓaro, da Turanci a gefe: an neme shi, ba a same shi ba. Ƙananan suna ta kiran tsohon suna, babu mai amsawa. Kewar mahaifina ta taso mini, a gaban kwastoma.

Na koma kan babbar, na mayar mata da sunanta, na kashe na kunna. Firinta ta yi tari, ta kama aiki.

Arɗo ya leƙo. "Me ka rubuta mata ta warke?"

Na ce, "Wani suna ne, Baffa."

Ya dube ni, ya kawar da kai. Bai ce wane ba.