Takardar Hayar da Alhaji Ya Ƙi Karɓa

Ranar da kwamitin zakka suka ba ni takardar nan, ban san yadda na iso gida ba don murna. Shekara guda ke nan da rasuwar maigidana, ni da yara uku muna cunkushe a wani ɗaki a gidan yayata a Daura. Bayan Sallah matar ɗanta za ta tare a ɗakin, dole mu tashi. Da kaina na karanta takardar, a hankali, yadda aka koya mana a ajin yaƙi da jahilci: duk wanda ya ba ni haya, ya kai ta ofis a biya shi na shekara.

Na samu ciki da falo a gidan wani Alhaji mai sayar da gyaɗa, har da rijiya a tsakar gida! Mun gama magana lafiya lau, sai na miƙa masa takardar. Ya janye hannu kamar garwashi na ba shi.

"Baiwar Allah, ba na ba masu takarda haya."

"Alhaji, laifin me muka yi?"

"Babu laifi. Wurin kwamitin nan nake kai zakkata. In na karɓa, abin da na fitar ne ya dawo aljihuna. Ki nemi wani gidan."

Ni ban iya musu ba. Na dai roƙe shi mu je wurin limamin unguwa bayan La'asar, in ya ce haramun ne, na haƙura.

Liman ya saurare mu a zaurensa, sannan ya yi dariya har rawaninsa na motsi.

"Alhaji, kowace ƙwayar gyaɗarka da tambarinka a jiki? Abu ya bar hannunka, ya zama nata. Kai hayar ɗakinka za ka karɓa. In kowane mai gida ya ce haka, a gindin bishiya za ta kwana da marayu?"

Alhaji ya daɗe yana juya hula a hannu.

"To, Malam, in aka tambaye ni gobe kiyama, kai zan nuna."

"Nuna ni. Ba ta mabuɗi."

Ni da ba na sauri, ranar har takalmina ya tsinke a hanya. Tun daga ƙofar gida nake kiran yara, ina ɗaga mabuɗin sama. Babbar ta fizgi tsintsiya ta yi gaba, alhali ba ta ma san gidan ba. Kafin Magariba mun share ɗakin sau biyu, ko tabarma ba mu kai ba tukuna.