Daeng Kebo da Mabuɗin Rumfar Gas

A filin sassaƙa jiragen ruwa na Lembang Kaluku, can bakin tekun kudancin Sulawesi, masassaƙa suna tsoron Sangkala, mai filin. Sangkala yana tsoron attajiran da yake sassaƙa wa jirage. Dukkansu kuma, in an matsa musu, za su yarda suna shakkar yayar Sangkala, Daeng Kebo, wadda ke riƙe da mabuɗin rumfar gas.

Jiragen na katako ne, amma katako ba ya riƙe kansa. Akwai dogayen ƙusoshi, akwai sandar farfela, akwai mazaunin inji, duk sai an yanka an yi walda. Shi ya sa ake ajiye dogayen tukwanen gas a wata rumfa can gefe, nesa da tarin garin katako. Mijin Daeng Kebo ne mai waldar filin a da. Baƙi sukan ɗauka gas ne ya kashe shi, shi ya sa take da zafi haka. Ba gas ba ne. Ciwon suga ne, ya rasu a kan tabarmarsa da yatsunsa cif. Ya bar mata gida, da bishiyoyin kwakwar da ya dasa a bayan gidan, da mabuɗin.

Zafin nata ya girmi aurenta. Tana budurwa, tana tallan kofi a tashar jiragen birni, ta ga wata tukunya ta faɗo daga mota, wuyanta ya karye. Tukunyar ta tashi a guje kamar an kira ta, ta huda bangon wani shago, ta fice ta baya. Ba wanda ya mutu. Mutane suka yi dariya suka koma aiki. Ita ba ta yi dariyar ba, har yau kuma ba ta samu sukunin yi ba.

A rumfarta tukwane a tsaye suke, kowace da hular ƙarfenta, ɗaure da sarƙa a jikin ginshiƙi. Na oksijin gefe guda, na iskar yankan ƙarfe gefe guda, da bango a tsakani, kamar dangin da suka yi rigimar gado. Mai son tukunya ya zo da amalanke, ya buɗe tafin hannunsa. In da maiko, ya koma ya wanke, domin oksijin da maiko in sun haɗu ba sa jiran ashana. Ma'aikata suka sa wa wurin suna masallacin Daeng Kebo, tunda ba a shiga sai da alwala. Da labarin ya iso kunnenta ta ce sunan ya yi, saura su riƙa cire takalmi.

Rigimar da garin bai manta ba ta faru ne ranar saukar da jirgin Puang Aji Mappiare, attajirin da ya fi kowa ba Sangkala aiki. Dattawa sun zaɓi ranar, sun ce dole jirgin ya taɓa ruwa a cikowar teku ta hantsi, in ba haka ba sai wani watan. An yanka akuya, an dafa shinkafa mai danƙo, gari ya fito jan igiya. Jirgin ya fara tafiya a kan gumagumai masu giris, ana ɗauko na baya ana mayarwa gaba. Yana tsakiyar rairayi gumaguman suka soma tsagewa, don sun kwana biyu a damina. Jirgi ya tsaya. Teku kuwa ba ta tsaya ba.

Wani cikin taron ya dubi rumfar. Ya ce tukwanen nan ai kamar don haka aka ƙera su, ga ƙarfi ga santsi, a kwantar da su a shafa giris, filayen maƙwabta ma haka suke yi. Sangkala ya share zufa ya nufi rumfar, jama'a na biye da shi.

Daeng Kebo na zaune a kan kujerarta a bakin ƙofa, tana ɓare gyaɗa.

"Daeng," in ji shi, "ara mana tukwanen da suka ƙare. Yanzu za a dawo da su."

"Wace ce ta ƙare, Kala? Ka leƙa cikinta?"

Tun yana tsirara take kiransa Kala, ba ta kuma ga dalilin sauyawa don ya yi gemu ba.

"Daeng, ki dubi ruwa. Ki dubi Puang Aji."

"Na gan shi. Barka da hantsi, Puang Aji. Hular ta yi kyau."

Attajirin ya amsa gaisuwar da kai, don bai san abin da zai yi da ita ba.

"Kowa yana yi!" Sangkala ya ɗaga murya. "Ba abin da ya taɓa faruwa!"

"To ka je wurin kowa ya ara maka. Ka kwantar da tukunya, ka shafe ta da giris, ka ɗora mata jirgi, ga rabin gari tsaye a gabanta riƙe da igiya. Ni ce na goya ka, amma ban tuna na yar da kai a kan kanka ba."

Aka yi dariya daga baya. Dariyar ce ta ɓata komai, domin Sangkala yana iya jure wa yayarsa, amma ba ya iya jure wa dariya a gaban mai jirgi.

"Filin nan nawa ne," ya ce. "Ko ki ba da mabuɗin, ko ki bar filin yau, ba ke ba rumfar nan."

Kowa ya san ba ta da wani aiki sai wannan. Daeng Kebo ta kakkaɓe ɓawon gyaɗa daga cinyarta, ta zaro mabuɗin ta nuna wa jama'a, sannan ta ƙulle shi a bakin zaninta, ta soke a ƙugu.

"Ga shi nan. Zo ka kwance."

Ba a haifi namijin da zai kwance zanin yayarsa a gaban gari ba. Wani ya ce a fasa kwaɗon da guduma. Ta matsar da kujerarta ta ba shi hanya, ta ce masa bismilla, in ya isa ya buga ƙarfe a kan ƙarfe a bakin tukwanen, ita tana nan zaune tana kallo. Mai shawarar ya tuna yana da ciwon kafaɗa.

Sai ta nuna bayan gidanta da haɓa.

"Ga kwakwa can, miƙaƙƙu. Ku sare. Ban taɓa ganin kwakwa ta huda bango ba."

Sangkala ya san wanda ya dasa su, ya san kuma daga nan take samun man girki. Ya dubi teku, ya yi wa ma'aikata nuni da hannu. Aka kunna zarton inji. Ba ta juya ta kalla ba, ta ci gaba da gyaɗarta, sai dai wasu sun ce ta daɗe tana ɓare ƙwaya ɗaya.

Aka jera gumaguman kwakwar a ƙarƙashin jirgin, ya taɓa ruwa teku na shirin janyewa. Aka yi kabbara, aka ci shinkafa, kowa ya yaba albarkar Puang Aji da hangen dattawa. Sangkala kuwa mutum ne mai cika magana: ya aika a shaida wa yayarsa cewa korar tana nan daram.

Washegari da safe ya same ta a bakin rumfar, mai walda na tsaye a gabanta ya buɗe tafin hannu.

"Daeng, ai na kore ki."

"Na ji, Kala. Matsa, kana tare wa amalanke hanya."

Ya matsa. Shekaru ke nan tana korarriya, ba ta taɓa makara ba. Bishiyoyin kwakwar da ta sake dasawa har sun wuce rufin gidanta, mabuɗin kuma yana nan a bakin zani.