Maharbi Mai Busar da Takalmi Ɗaya

Da sassafe a sansaninmu na farauta kowa yana ƙorafin kogin da muka tsallaka jiya, ban da wani dattijo da ban sani ba. Yana zaune kan kututture, gemu fari fat, bindigarsa jingine da bishiya. Yana gasa tsakuwa a kasko, ya juye cikin safa, ya ƙulle, ya cusa cikin takalminsa na hagu. Ba ya kai shi bakin wuta. In ji shi, wuta tana tsaga fata, jiƙaƙƙen takalmi kuwa kafin azahar ya saɓule wa mutum ƙafa.

Hannun nan ya saba. Tsohon soja ne, ko baduku ne da daji ya janye? Abin da ya ɗaure mini kai, takalmin dama yana ƙafarsa, jiƙe sharkaf.

Na ce, "Baba, shi wannan laifin me ya yi?"

Ya ƙwanƙwasa ƙwaurinsa da cokali, sai na ji ƙarar itace.

"Ɗana, wannan ta daina jin sanyi tun ba ka yi wayo ba. Ɗayar nake lallashi, ita kaɗai ta rage mini."