Ɗaukar da Inna ta ɓata

Shekara biyar ke nan cif da rasuwar yayana Nura. Har yau in an ce mini ya haƙuri, nakan ce da godiya. Gaskiyar magana ban san ko haƙuri nake yi ba, ko zuciyar ce ta daskare tun ranar da 'yan bindiga suka tare motarsu a hanyar Safana.

Yana ajin ƙarshe a makarantar koyon aikin jarida aka ba su aikin shirya mabuɗin fim ɗin ban tsoro, minti uku kacal. 'Yan ajinsu suka yi ta shafa jan kala a fuska. Shi kuwa ya ari kyamara ya taho ƙauyenmu, can gefen Wagini, ya ce da rana tsaka zai yi nasa. Wai babu abin tsoro kamar gari ba kowa. Ya jira lokacin girbin gero, sa'ad da kowa ke gona.

Na haddace tsarin, don ni kaɗai ce 'yar wasansa, ladana kuma faɗa. Da farko ya hau katanga ya ɗauko layinmu daga nesa, ba mutum ba akuya, ya bar kyamara tsaye har mai kallo ya fara tambayar ina jama'a. Sai ya ajiye ta a ƙasa bakin zaure, ƙofar ta yi tsawo kamar za ta faɗo wa mutum. Sai ya matsa dab da turmi, taɓarya a ciki, ƙuda na yawo. Ɗauka ta ƙarshe ce abin alfaharinsa: ya riƙe kyamara a hannu ya shigo gida a hankali, hoton na rawa, ya nufo bayana ina tankaɗe. Ya ce mai kallo zai ji kamar shi ne abin da ke laɓaɓowa. Sau bakwai na waiwaya, sau bakwai ya ce kaina ba ya ɗaukar karatu.

A karo na takwas komai ya tafi daidai. Saura taku biyu ya iso gare ni sai mahaifiyarmu, Inna, ta yi sallama, ta dawo daga gona. Nura bai tsaya tunani ba, ya durƙusa da kyamara a hannu. Hoton ya zube ƙasa, ba a ganin komai sai ƙafafunta. Aka ji muryarsa: "Sannu da dawowa, Inna. Ya aiki?" Nan ya tuna, ya kashe kyamara tun ba ta amsa ba. Ya yini yana mita, ya ce zai yanke wurin in ya koma makaranta. Bai kai makarantar ba.

Yanzu muna zaune a Batsari. Ƙauyen ya watse, wanda ya leƙa bara ya ce ciyawa ta cinye zauren. Nakan tambayi kaina me Yaya zai ce, yau da ba sai ya jira girbi ba kafin ya sami garin da yake nema. Ina jin da bai ɗauka ba.

Tun kafin ya tafi ya tura mini hotunan a waya. Kowace shekara Inna takan ce in nuna mata, ni kuma in kawo wata magana. Tana da hawan jini, kuma an shirya abin ne don ya tsorata mutum. Ina tsoron in rasa ta ita ma. Bana ta riƙe hannuna ta ce, "Ke, ni ba yarinya ba ce. Buɗe mani in ga gidana."

Ba ta tsorata ba ko kaɗan. Da aka zo kan turmi ta ce, "Wa ya bar taɓarya haka?" Da hoton ya fara rawa ta kasa kunne, don in ka saurara da kyau ana jin numfashinsa. Sai ga ƙafafunta, sai gaisuwarsa.

Nura ɗan fari ne, tun da nake ban taɓa jin ta kama sunansa ba. Ta dubi wayar ta ce, "Yawwa, Nura. Aiki da godiya."

Ni ban yi kuka ba, har yanzu bai zo ba. Abin da na sani shi ne, duk dabarun da ya koyo suna nan a minti ukun, amma babu fuskarsa ko sau ɗaya. Abin da ya rage mana nasa shi ne wurin da ya yi niyyar yankewa. Allah ya jiƙansa. Inna ta ce in sake maido mata baya.