Lasifika a Bencin Ƙarshe

Lasifika ake ce mata, kuma ba ta taɓa jin haushin sunan ba. Shekara talatin da ɗaya tana waƙar bishara. Waƙoƙinta arba'in cif, duk a gindin injin niƙan mijinta ta tsara su, tana tankaɗe tana rerawa. Wanda ya koyi waƙa yana gasa da inji kuwa, ina shi ina raɗa? Kaset ɗaya ta taɓa yi. Mai ɗaukar sauti ya yi ta matsar da ita baya, har sai da ta ƙarasa waƙar daga bakin ƙofa.

Injin da ya buɗe mata murya, shi ya cinye wa mijin kunne. Kowace Lahadi yakan zauna a bencin ƙarshe na coci da hularsa a gwiwa, wai mai ƙurar gari a gira ba ya shiga gaban mutane. Idan muryarta ta iso shi, sai ya fara buga hular da yatsa. Wannan yatsan take kallo, ba hannun shugaban mawaƙa ba. Kunne na ƙara nauyi, ita ma tana ƙara murya.

Sai aka yi sabon shugaba, wanda ita ta sha goya shi yana jariri. Ya same ta wajen inji, ya durƙusa ya gaishe ta, ya yi ta kewaye-kewaye kafin ya fito fili: sauran mawaƙa ashirin su ma Allah ya ba su baki. Ko Mama ta sassauta, ko ta mayar da rigar ƙungiya.

Ta kakkaɓe hannu ta ce, "Ɗana, in na sassauta, wa zai kai wa babanka waƙar?"

Bai janye ba. Ita ma ba ta roƙe shi ba. Ta wanke rigar, ta goge ta har da sitaci, ta kai masa da kanta.

Ran Lahadi ta shigo da zanenta na gida, ta zauna hagun mijin, wajen kunnen da ke da ɗan saura. Kowa ya ɗauka yau za a huta, tunda ga shi kusa da ita. Mawaƙa suka ɗauko wata waƙarta a hankali, kamar masu tsoron tada jariri. Lasifika ta buɗe baki, ko ƙwayar zarra ba ta rage ba. Na baya suka amsa mata, na tsakiya suka bi. Shugaba ya yi ta kaɗa hannu ba mai kallonsa, daga ƙarshe ya juya ya fuskanci ƙofa, inda waƙar ke fitowa.

Da aka yi tsit, mijin ya sunkuyo, ya yi irin raɗar da duk coci ta ji: "Maman yara, ashe waƙar nan tana da kalmomi?"

Ta gyara ɗankwali, ta matso kusa da kunnensa. "Saura talatin da tara."